Tambayoyinku da Amsoshin Kawu: Unguwar fim ɗaya ko unguwar kowa da kowa?

Assalamu alaikum jama'a. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo zancen manyan wuraren shaƙatawa na ƙasashen waje irin su Disneyland, na ce ba fili ba ne kawai da aka jibge lilo a ciki, gari ne sukutum da ake rabawa unguwa-unguwa, kowace da irin gininta da kiɗanta da abincinta. Sai ga saƙonni sun cika mini waya a kan wannan magana ɗaya. Na zaɓo biyar, saura ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Mu dai a fadarmu nan Sabon Gari gardama ta ƙi ƙarewa yau kwana huɗu kenan, har shayi ya huce ana yi. Abokinmu da ke karatu a Faransa ne ya turo mana bidiyo ta WhatsApp ya je Disneyland ta Paris, ya nuna mana wani ɓangare duk na jaruman Marvel ne su Spider-Man, sannan ya nuna wani ɓangaren da ba na fim ko ɗaya ba, kasuwa ce irin ta Larabawa da kogo da jirgin ruwan 'yan fashin teku. To rabinmu sun ce na Marvel ɗin shi ne harka, rabi suka ce a'a wancan ya fi ma'ana. Ni dai ina cikin 'yan Marvel ba zan ɓoye ba. Wai Kawu wanne ya fi, kuma su can ma suna wannan gardamar ko mu kaɗai ne?
Wani ɗalibi, Sabon Gari, Damagaram

AMSA: Ɗana ina gaishe ka da 'yan fada baki ɗaya. Wallahi ba ku kaɗai ba ne, wannan gardamar tana nan da zafinta tsakanin masoyan waɗannan wurare a Amurka da Turai da Japan, har da dattijai masu furfura da sun fi shekara goma suna yinta.

Bari in faro maka daga tushe. Lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland ta farko a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955, gida biyar ya raba ta. Akwai titin da aka gina kamar ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, akwai Adventureland ta dawa da koguna da ƙasashe masu nisa, da Frontierland ta zamanin kaboyi, da Fantasyland ta tatsuniyoyi, sai Tomorrowland ta abin da ake hasashen gobe za ta zo da shi. Ka lura da kyau, babu ɗaya cikinsu da take ta fim guda. Finafinai suna ciki fa, musamman a ta tatsuniyoyi, amma zaman haya suke yi, unguwar ba tasu ba ce. Galibi haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, sai ɗai-ɗai da suka saɓa.

Abin ya juya ne a 2010, ranar da kamfanin Universal ya buɗe unguwar Harry Potter a garin Orlando na jihar Florida. Ba lilo ɗaya suka yi suka manna masa sunan fim ba, ƙauyen labarin suka ɗauko gaba ɗaya suka dasa a ƙasa, da makarantar a kan dutse, da shagunan nan ƙanana matsattsu yadda suke a fim, har da ƙanƙarar ƙarya a kan rufin gidaje alhali Florida zafi ake kamar me. Ko lemun kwalba da aka saba ba su yarda an sayar a cikin unguwar ba, sai wani abin sha mai zaƙi na cikin labarin wanda ba barasa a cikinsa, mutane kuma suka yi ta bin layi suna saye. Masu shiga wurin shaƙatawar da aka gina unguwar a ciki sun tashi daga wajen miliyan 4 da rabi a 2009 zuwa sama da miliyan 7 a 2011. Daga nan kowa ya ga inda kasuwa take ci. Disney ta yi unguwar motocin Cars a 2012, ta Avatar a 2017, ta Star Wars a 2019, ta Marvel a Kalifoniya a 2021, wadda abokinku ya nuna muku ta Paris kuwa a 2022 aka buɗe ta. Universal ta yi ta Super Mario a Osaka ta Japan a 2021, sabon wurin da ta buɗe a Orlando a watan Mayun 2025 mai suna Epic Universe kuwa, in ka cire lambun da ke tsakiya, kowace ƙofa ka shiga duniyar wasu finafinai ce ko wasan kwamfuta da aka riga aka sani.

'Yan ɓangarenka hujjarsu mai ƙarfi ce, kar kowa ya raina ta. Suna cewa mutum ya shekara goma yana kallon wani wuri a talabijin yana mafarkinsa, yau ga shi ya taka ƙafarsa a ciki, ya taɓa bangon da hannunsa, wannan daɗin ba wata unguwar "dawa" ko "gobe" da za ta ba shi. Suna kuma cewa shi fim ɗaya yana tilasta wa magina su yi aiki tsaf, don masoyan sun haddace komai, ka karkata taga ɗaya za su gani su yi ta surutu. Wannan gaskiya ne, ingancin gini ya ƙaru sosai tun 2010. Har ma suna kawo misalin Avatar, wanda kafin a buɗe ake ta cewa ai mutane sun manta da fim ɗin, sai ga shi ana bin layi na awowi don a hau abin da ke sa ka ji kamar kana tashi a bayan wani tsuntsu, har waɗanda ba su taɓa ganin fim ɗin ba.

Su kuma ɗaya ɓangaren kukansu ba na ƙin sabon abu ba ne, kukan abin da ake rushewa ne. Fili ba ya ƙaruwa, duk unguwar fim da ta shigo sai ta ture wani abu. A Epcot, ɗaya daga wuraren Disney na Florida, akwai rumfar ƙasar Norwe mai jirgin ruwan da ke ba da labarin ƙasar, aka rufe shi a 2014 aka mai da shi na fim ɗin Frozen a 2016, ga shi ƙasar Norwe gaskiya ce, masarautar fim ɗin kuwa ƙirƙira ce. A 2025 kuma aka rufe kogin da ke Magic Kingdom, shi ma wurin Disney ne a Florida, da tsibirinsa da babban jirgin ruwansa, wurin da iyaye ke zama su huta tun farkon shekarun 1970, don a gina wa motocin Cars wuri. Mutane da yawa sun ji zafin wannan sosai. Kuma akwai wata hujja tasu da ni ta fi kama ni: yawon jirgin ruwa na 'yan fashin teku mai suna Pirates of the Caribbean da ke ɓangaren nan da kuka gani, asalinsa an buɗe shi a Kalifoniya tun 1967 ba tare da wani fim ba, daga baya a 2003 aka yi fim daga gare shi. Wato unguwa mai faɗi tana iya haihuwar sabon labari, ita kuwa ta fim ɗaya sai abin da aka dafa a wani gida take ci.

Ni na taɓa shiga ta Paris sau ɗaya tak, shekarun baya lokacin da na je wani staj, ba a ma gina ta Marvel ba a lokacin. Jirgin ƙasa na bi har tasharsa ta ƙarshe Marne-la-Vallée, ana wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Da na ratsa ƙofar Adventureland, ɓangaren kasuwar Larabawan nan da abokinku ya nuna muku, sai na tsaya cak. Bango ne launin jar ƙasa, ƙofofi masu baka, fitilun tagulla masu huji-huji suna watsa haske a kan rufi, na kai hannu na shafa bangon don na ga ko laka ce, siminti ne aka yi wa dabara, amma duk da haka sai da zuciyata ta tafi lungunan Zango da magariba. A gefena wata tsohuwa Bafaransa ce riƙe da jikanta tana nuna masa fitilun, can gaba wasu Larabawa suna ɗaukar hoto suna dariya. Ba wanda ya tambaye mu ko mun kalli wani fim kafin mu shigo. Ni Zango na gani, ita tsohuwar Allah kaɗai ya san abin da ta tuna, kowa ya shigo da nasa labarin ya zuba a wurin.

To tunda ka ce in faɗa maka wanne ya fi, ni ina tare da abokan gardamarka ɗana. Unguwar fim ɗaya ta fi gigita wanda ya san fim ɗin, wannan ban musa ba, in ka je ta Marvel na san sai ka yi ihu don murna kuma ina yi maka fatan zuwa. Amma ka ɗauki kakarka ku shiga tare, kai kana tsalle ita tana tambayarka wane ne wannan mai jan kaya da ya liƙe a bango, rabin ranar za ka ƙare kana fassara. Wurin da iyali za su je tun daga jariri har kaka, ni na fi son fim ya zama baƙo a ciki, a ba shi ɗaki mai kyau, amma kar a miƙa masa takardun gidan.

TAMBAYA: Kawu in dai tsofaffin masoya suna ƙorafi haka, me ya sa kamfanonin ba sa jin maganarsu? Ba su ne kwastomomi ba?
Wani mai shago, kasuwar Dole

AMSA: Ɗan'uwa kai ɗan kasuwa ne, ai ka fi ni sani. In aka kawo maka atamfa biyu, ɗaya mata sun riga sun gan ta a jikin amarya a biki suna nemanta da suna, ɗaya kuma sabuwa ce ba wanda ya san ta duk da tana da kyau, wacce za ka zuba jarinka a kai? Disney ta sayi kamfanin finafinan katun na Pixar a 2006, ta sayi Marvel a 2009, ta sayi kamfanin Star Wars a 2012, waɗannan biyun na ƙarshe kowanne wajen dala biliyan 4, dalar Amurka fa ba dalarmu ta cefane ba. Wanda ya kashe wannan kuɗin dole ya nemi inda zai mai da shi. Sunan fim talla ce da aka riga aka biya, kuma ba tikitin shiga kaɗai ake ci ba, kayan da ake sayarwa a ciki su ne romon. A unguwar Star Wars lokacin da aka buɗe, takobin hasken nan da mutum zai haɗa da hannunsa dala 200 ne, ya haura jika ɗari namu, kuma sai ka kama wuri tun da wuri kafin ka samu shiga.

Sannan masu ƙorafin su ne masu zuwa kullum, ko an ɓata musu rai gobe za su dawo. Wanda kamfani ke farauta shi ne iyalin da ba su taɓa zuwa ba, waɗanda yaro zai tasa su gaba da kuka sai an kai shi wurin Mario.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Disney ta gina wani otel na Star Wars a Florida wanda aka yi shi kamar jirgin sararin samaniya, kwana biyu kana cikin labarin ana wasa da kai, mutum biyu kusan dala 5,000. An buɗe a watan Maris 2022, kafin ƙarshen Satumban 2023 an rufe. Waɗanda suka shiga da yawa sun yaba, sai dai masu son fim ɗin har haka kuma masu irin wannan aljihun ba su kai su riƙe otel ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya iyali. Ni 'yar kasuwa ce nakan je Dubai saro kaya. Shekarun baya na shiga wani wuri na finafinan Indiya, wallahi na ji daɗi, ga rawa ga waƙa ga wani katafaren gini kamar fadar sarakunansu, na yi ta ba 'yata labari. Da muka koma tare na ce a kai mu sai direba ya ce ai an rufe an mai da shi na ƙwallo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gaskiya ne ko dai bai so kai mu ba ne? Kuma ina zan kai ta in mun koma?
Wata Hajiya, unguwar Birni

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Direban bai yi miki ƙarya ba. Wurin da kika shiga Bollywood Parks ne, an buɗe shi a 2016 aka rufe a watan Afrilun 2023, a filin kuma aka buɗe na ƙungiyar Real Madrid a 2024. Ɓacin ranki shi ne daidai abin da na gaya wa ɗalibin can a sama, irin wanda masoyan kogin Magic Kingdom suka ji. Ke kin ajiye wani abu a zuciya kina jiran ranar da za ki nuna wa 'yarki, kin zo kin tarar an share.

Labarin nan naki ya sa dole in rage wa maganata gishiri. Shi wurin Indiyan ba na fim ɗaya ba ne, na masana'antar ce gaba ɗaya da titunan Mumbai da abincinsu, ya fi kusa da irin wanda nake yabo, amma hakan bai hana a rufe shi ba. Faɗin jigo kaɗai ba ya riƙe wuri in masu shiga ba su kai ba. Abin da ya maye gurbinsa kuwa ya fi kowanne ƙunci a ganina, don shi fim ko ba ka so ba ka gaba da shi, ƙwallo fa? Ki duba gidanki, in akwai ɗan Madrid to da wuya a rasa ɗan Barcelona, shi wannan ko kyauta aka ba shi tikiti sai an yi da gaske kafin ya taka ƙofar. Wuri ne da tun ranar da aka raɗa masa suna ya sallami rabin samarin Damagaram.

In kun koma lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, ki kai ta Global Village. Rumfuna ne na ƙasashe da yawa, akwai ta Indiya da kayanta da raye-rayenta, ga ta Turkiyya ga ta Yaman mai zuma ga ta Afrika, da yamma ake buɗewa. Ke da kike harkar kaya ma idonki zai ƙaru.

TAMBAYA: Kawu ni malamin lakwal ne, ina karanta shafinka kullum amma a fitowar da ta wuce na ga kamar kana yabon waɗannan tsofaffin unguwanni da yawa. Shin ba a cikinsu ne aka yi ta nuna Afrika a matsayin daji da mutane tsirara riƙe da mashi ba? Ni gara mini Spider-Man da ba ya zagin kowa a kan unguwar "dawa" da ke koya wa yaran Turawa cewa haka muke. Ka yi haƙuri in na yi tsauri.
Wani mushe, Mirriya

AMSA: Malam ba ka yi tsauri ba, ka faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko, na gode. Jirgin yawon kogi na Adventureland wanda yake nan tun 1955 ya shafe shekaru sama da sittin yana nuna gumakan baƙaƙen mutane da masu da garkuwa suna rawa a bakin ruwa kamar wani ɓangare na namun dajin, sai a 2021 kamfanin ya cire su. Yara miliyan nawa suka wuce ta gabansu kafin nan? Wannan tabo ne kuma na unguwa mai faɗi ne, don ita in ta ce "Afrika" tana magana ne a kan mutane masu rai, ba kamar ta fim ba da ƙaryarta a fili take kowa ya san ƙarya ce.

Amma ka duba wani misalin. A Epcot akwai rumfunan ƙasashe 11 kewaye da tafki, a duk nahiyarmu Maroko ce kaɗai a ciki, an taɓa shirya wata ta tsakiyar Afrika amma ba a gina ba. Ita ta Marokon da aka buɗe a 1984, Sarki Hassan na biyu da kansa ya tura masu sana'ar ƙasarsa suka je suka yi aikin, suka jera ƙananan tayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, suka sassaƙa filasta, aka yi hasumiya irin ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh da ƙofa irin ta birnin Fas. Har yau masoyan wurin suna sa ta cikin waɗanda suka fi kyau. Haka ƙauyen Afrika ta gabas da aka gina a Animal Kingdom, wurin namun daji na Disney a Florida, a 1998, masu baibaya daga Afrika ta Kudu aka ɗauko suka yi rufin ciyawar. Kamfani ɗaya ne ya yi gumakan masu mashi ya kuma yi rumfar Maroko, abin da ya bambanta su shi ne a ɗaya an zauna a Kalifoniya an yi hasashen mu, a ɗaya masu abin ne suka riƙe cokalin gini.

Saboda haka ban janye zaɓina ba Malam, amma na ƙara masa sharaɗi saboda maganarka. Kuma abin da ke ci mini rai, a duk waɗannan wuraren in an ce Afrika to zaki ne da giwa da kurmi. Ba soro, ba ayarin raƙuma, ba rijiya da guga, ba kakaki. Mu 'yan Sahel ko a cikin kuskuren ma ba a sa mu ba. Ka gaya wa ɗalibanka wannan.

TAMBAYA: Baba ni ina koyon zanen gine-gine ne. In da Allah zai kawo mai kuɗi ya ce a gina irin wannan wurin a Damagaram, wane iri za ka ba da shawara? Wasu abokaina sun ce a yi na jaruman finafinan Hausa tunda su mutane suka sani.
Wata ɗaliba, unguwar Zango

AMSA: 'Yata Allah ya ba da sa'ar karatu, tambayarki ta fi kowacce faranta mini rai. Jaruman fim kam mutane sun san su, amma ki tuna waɗanda ake rububin kasetinsu shekara ashirin da suka wuce, yau ki tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyu ko ya san su. Gini kuwa in an yi shi shekara hamsin ake so ya yi. Kuma jarumi mutum ne mai rai, gobe zai iya saɓawa da mai wurin ko ya bar sana'ar.

Irin wanda nake nufi muna da ɗanɗanonsa a ƙasar nan. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa tun 1959, ba a kiransa wurin wasa amma tsarinsa kenan, rumfa-rumfa, ga namun daji, ga masu sana'a suna aiki a gabanka, ga gidajen gargajiya na ƙabilu. Na taɓa kai mahaifiyata da ƙaramin ɗana bayan mun sha tafiyar kilomita wajen 900 a kar. Yaron ya manne a gaban ƙasusuwan dinozor da aka tono a hamadar Agadas ya ƙi motsi, yana ƙirga haƙarƙari da yatsa yana ɓata lissafi yana sakewa. Ita kuwa Inna ko kallo ba su ishe ta ba, ta wuce wurin masaƙa ta samu kujera ta zauna, ta karɓi bakin zanen ta murza a yatsunta ta ce wa masaƙin zaren nan bai kai na da kauri ba, suka shiga hira kamar sun shekara da sanin juna. Da ƙyar na haɗa su a gaban busasshen icen nan na Tenere da mota ta buge a 1973, can ne su biyun suka yi shiru tare. Tikiti ɗaya, kaka da jika, ba wanda na yi wa fassara.

To Damagaram me ta rasa? Ga Birni da fadar sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye gari da ita a ƙarni na 19, har igwa aka ƙera a garin nan a zamaninsa. Ga unguwarku Zango inda ayari ke sauka daga Agadas da Tarabulus. Ga zamanin da garin nan yake babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Ga dukawa da maƙera, ga hawan ƙaho na mahauta, ga wasan kara inda samari ke kwaikwayon sarki da gwamna da kayan kara jama'a na dariya, wanda shi kansa wasan kwaikwayo ne na fili da muke da shi tun kafin mu ji sunan Disney. Kowanne cikin waɗannan unguwa ce guda. In kuma abokanki sun dage sai an sa jarumin da kowa ya sani, to a ba Gizo da Ƙoƙi lungu guda na yara, da Ɓotorami da kura, su ba mai su balle a biya shi haƙƙi, kuma ba su tsufa. A ƙasar Holan akwai wani wuri mai suna Efteling da ya fara da dajin tatsuniyoyi a 1952, har yau dajin yana nan ana kai yara.

Abu biyu ki riƙe in kin zo zane. Kar ki kwaikwayi tafkuna da magudanan ruwan Florida, kin san yadda ruwa yake a garin nan, kin ga layin jarkoki a bakin famfo lokacin bazara, wurin wasan da zai sha ruwan unguwa ba zai yi farin jini ba. Na biyu inuwa. Kafin a aza tubali ɗaya a fara dasa itatuwa, tsamiya da dogon yaro da gawo, a yi zaure mai kauri da laka a kowace mashiga inda tsofaffi za su zauna, a kuma shirya wurin don yamma da dare.

Mai kuɗin bai zo ba tukuna, amma akwai aikin da za ki iya farawa ran asabar ɗin nan. Ki ɗauki wayarki ki bi lungunan Zango da Birni, duk tsohon gidan da ke da zane a fuskarsa ki nemi izinin masu gida ki ɗauki hoto, ki auna faɗin ƙofa da tsayin zanko ki rubuta a kaye, ki tambaya ko maginin da ya yi shi yana raye ko 'ya'yansa. Kowace damina sai ta tafi da wani bangon. In kin tara ki turo mini guda goma, zan roƙi edita ya ba mu shafi biyu mu buga su.